Yadda za ka bambance aikin hannu da na inji kafin ka zaro kuɗinka

Bari in fara faɗin inda na tsaya don kada wani ya ce na zo ɓata sana'ar mutane. Ni da kwamfuta nake cin abinci, katin biki, kalandar amarya, bash (ƙyallen talla) na buɗe shago, hoton ɗan takara lokacin zaɓe, duk ina yi a ɗan ɗakina nan Sabon Garin Damagaram in dai kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba. Amma ta wajen uwa ni jikan dukawa ne, kawuna har gobe yana nan zaune kan buzu a zaurensa cikin Birni, basilla a hannu, tabarau ɗaure da zare. Kenan duka biyun na san warinsu, na fata da na tawadar inji.

Kuma duk da haka an taɓa cin kasuwata. Bara da ƙanena ya sauke Alƙur'ani aka ce ni zan nemo allon zayyana tunda wai ni ne na san zane a gidan, na je na samo wani mai ƙyalli, ja da kore da ruwan zinariya, mai shi ya rantse mini kwana shida ya yi a kansa, na biya ban ko taya sosai ba. Da na kawo gida kawu ya karɓa, bai ce komai ba, ya fita tsakar gida ya karkata allon wajen rana, ya shafa da babban yatsa, sai ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ai wannan aikin irinku ne." Bugun inji ne aka manna a allo aka bi da banish. Ni mai buga takarda aka sayar wa bugu da kuɗin aikin hannu, ranar ko tuwon dare ban ci da daɗi ba. To abin da na koya daga ranar, da wanda na riga na sani na yi sakaci da shi, shi zan zayyana muku.

Farko dai kada ka sayi abu cikin duhun rumfa. Ka nemi izini ka fito da shi haske, mai kayan gaskiya ba zai hana ka ba. In zayyana ce ko wani zane na takarda, karkata shi yadda haske zai kwanta a kansa ta gefe. Tawadar hannu, wadda ake haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, ba ta kwanciya bai ɗaya. Inda malam ya tsoma alƙalami ya fara harafi za ka ga ta yi kauri har tana ɗan ƙyalli saboda ƙaron, kafin ya kai ƙarshen kalma ta fara shanyewa ta yi haske, sai kuma ta sake kauri inda ya sake tsomawa. Wannan hawa da saukar shi ne numfashin mai rubutu, inji ba ya numfashi, baƙinsa ɗaya ne daga bisimilla har ƙarshen layi.

Sannan ka nemi abin da mai zane ya so ɓoyewa. Duk da'irar da ke cikin zayyana da kamfas aka zagaya ta, saboda haka in ka duba tsakiyarta da kyau akwai ɗan huji kamar na allura. Akwai sawun fensir da aka goge bai gogu duka ba, akwai inda ja ya ɗan tsallake layi ya shiga gonar kore. Kusurwa huɗu na adon, kwatanta su, na hannu za su yi kama amma ba za su zama tagwaye sak ba. In ka ga dama da hagu kamar an sa madubi, to kwafa aka yi aka juya, ni kaina haka nake yi, daƙiƙa biyu ne. Abu ɗaya da zan ja kunne, ganin takarda manne a jikin allo kaɗai ba hujja ba ce, masu zayyana da yawa a takarda suke yin aikinsu da hannu sannan su manna, kada ka je ka ƙaryata bawan Allah a banza.

Dabarar da ta fi duka kuwa tana aljihunka. Buɗe kamarar waya, matsa kusa, ja zum har ƙarshe a kan wuri mai launi, musamman kore ko ruwan goro. Injin buga takarda launi huɗu kawai gare shi, shuɗi mai haske, ja mai kama da hoda, ɗorawa da baƙi, duk sauran launukan da ɗigo-ɗigo ƙanana yake haɗa su ya yaudari ido. In ka ga koren ya watse ya zama tsaki-tsakin shuɗi da ɗorawa, magana ta ƙare. Fenti ko tawadar hannu ko ka ja zum har waya ta gaji launi ɗaya za ka gani, da sawun gashin buroshi ko bakin alƙalami. Da na yi wannan bara da ban sha dariyar ƴan gidanmu ba.

Yanzu fata, nan zan ɗan daɗe don nan aka fi cutar baƙi, har da ƴan gari. Damagaram ba yau ta fara fata ba. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda aka gina fadar nan wajen 1850 a lokacinsa, ayari ke tashi daga Kano ya yada zango nan, sunan unguwar Zango ma daga nan ya samo asali, ya bi ta Agadas har Tarabulus, kuma cikin kayan da raƙuma ke ɗauka akwai jemammiyar fata. Fatar akuyar ƙasar Hausa da ta tsallaka hamada ita ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, alhali can ta bi kawai ta wuce. Jar akuyar Maraɗi har yau fatarta ake yabo. To wannan sunan ne wasu ke ci yanzu da roba.

Hanci ne alƙalin farko. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa tana da wari nata, ɗan tsami-tsami da ƙanshin ƙasa da man da aka shafe ta da shi, wanda ya taɓa wucewa ta majema ba sai an gaya mishi ba. Roba warin sabon bokiti take yi ko na gam. Daga nan juya cikin jakar ko ƙasan tumtum ɗin ka duba bayan fatar, ta gaske bayanta gashi-gashi ne mai laushi kamar an kankare, ta kanti kuwa za ka tarar da yadi ko raga-raga an manna mata. In an yi shafi an rufe ko'ina ba inda za ka ga baya, duba bakin yanka, wajen da aka huda maɓalli ko gefen maɗauri. Ɗiga ɗan ruwa a lungun da ba a gani, fatar bagaruwa za ta sha wurin ya yi duhu, roba ruwan zai tsaya ya gangare. Wasu na cewa a sa ashana, gaskiya ne fata warin ƙonannen gashi take yi roba kuma ta narke, amma don Allah kada ka kunna wa mutum wuta a kaya cikin kasuwar Dole ranar Alhamis, abin da zai biyo baya ba ruwana.

Launi ma yana magana. Jan gargajiya daga karan dafi ake samo shi, ja ne mai zurfi da ke ƙara nuna in ya tsufa, baƙin kuma kuloko ne da ake haɗawa da ƙarfe, shi ya sa yake kama fatar bagaruwa ya zauna daram. Yanzu dukawa da yawa sun koma garin rini na kanti don ya fi sauri, wannan bai fitar da aikin daga aikin hannu ba, amma ka tambaya, kuma in an ce na gargajiya ne kuɗin zai ɗan hau, hakkinsa ne. Sai ɗinki. Keke taku ɗaya yake yi kamar an auna da ma'auni, zare sama zare ƙasa. Basilla kuwa huji ɗaya-ɗaya take yi, tazarar za ta ɗan bambanta, kuma sau da yawa da siririn tsinken fata ake ɗinkin maimakon zare. Kawu in yana saƙa bakin alabe, yakan riƙe tsinken fatar a baki ya jiƙa shi da miyau, ya huda, ya zura, ya ja har sai ya ji wata ƴar ƙara, sannan ya danna da farce ya wuce na gaba, haka ɗaruruwan huji, rediyo na gefe yana ta surutu shi ko ɗaga kai ba ya yi. Akwai kuma na tsakiya, fata ta gaske amma ɗinkin keke, kaya ne mai kyau mai ƙarko, sai dai a biya shi kuɗin keke.

Hula ba sai na ja ba, kowa na ganin ya iya. Juya cikinta kawai. Ta hannu, irin su zanna da damanga, za ka ga inda zare ya ƙare aka ƙulla aka ɗauko wani, ƙwayar ɗinkin ba ta zama ɗaya sak, kuma tana da nauyi da taushi a hannu, mai ita makonni yake yi a kanta, wata ma har wata da watanni. Ta inji cikinta sumul, wani lokaci da farar takarda-takarda da aka ɗora aikin a kai. Haka aikin wuyan babbar riga. Tukwanen Mirya kuwa ba su da wannan matsalar tukuna, ba wanda ya fara buga tulu da kwamfuta, ƙwanƙwasa kawai ka ji ko ya tsage.

To ka gane na hannu ne, nawa za ka biya? Nan ne mutanenmu ke ba ni haushi wallahi. Mutum zai sayi megas ɗin intanet na jikka biyu, wato sefa dubu biyu, ya ƙone su a TikTok dare ɗaya bai ji komai ba, amma a ce mishi alaben da dattijo ya yi kwana uku yana huda jikka biyar, sai ka ji "haba baba, fata ce fa kawai." Ga yadda nake lissafi, kuma ban taɓa jin na zalunci kowa ko an zalunce ni ba tun da na fara. Tambayi mai aikin kwana nawa ya ɗauke shi. Ka san abin da ake biyan lebura mai kwaɓa ƙasa a yini a unguwarku, ninka da kwanakin nan, wannan shi ne ƙasan ƙasa, don wanda ya shekara ashirin yana koyon sana'a bai kamata ya kasa lebura ba. Ɗora kuɗin fata ko allo ko zare da rini. Abin da ya fito, in farashin da aka gaya maka yana kusa da shi, taya kaɗan don al'ada, in ya ce albarka ka ƙara, a sallama cikin mutunci. In kuwa aka ce maka aikin kwana shida ne amma kuɗin ko na yini ɗaya bai kai ba, to ɗayan biyu ne, ko ƙarya ake maka ko yunwa ce ta sa mai shi zai karyar, kuma duk biyun bai kamata ka yi murna ba.

In da hali ka tsallake dillali ka je zauren mai aikin ko wajen masu sana'ar hannu ka gan shi yana yi. Ka ba da aiki da kanka, ka faɗi launi da girma, ka ba da kafin alƙalami don ya sayi kaya, amma kada ka biya duka tun farko, wannan shawara ce daga jikan dukawa, mun san halinmu, gobe in sha Allahu tana iya kai sallah. Kuma kada ka zo saura kwana uku biki ka ce hula kake so ta hannu.

Yanzu ɓangarena. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka zanen kwamfuta ba aiki ba ne. Wanda ya zauna ya tsara tambarin shagonka daga babu, ya zaɓi harafi, ya daidaita launi, ya gyara sau biyar saboda kai da matarka kun kasa shirya wa, ya yi aiki, kansa ya yi zafi, ga kuɗin kuran ga na intanet. Bambancin kawai shi ne inda darajar take zaune. A aikin hannu tana jikin abin da ka riƙe, shi kenan guda ɗaya a duniya, in ya ɓace ya ɓace. A aikin kwamfuta tana cikin tsarin farko, kwafi na biyu har na dubu kuɗin takarda da tawada ne kawai. Saboda haka ka biya mai tsarawa kuɗin tunaninsa sau ɗaya da kyau, amma kada ka yarda a sayar maka da kwafi da sunan abu ne da ba irinsa.

Wani zai ce ai an sayar da zanen kwamfuta da kuɗin da ba a taɓa sayen fata da shi ba. Haka ne, a watan Maris na 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da aikin wani Ba'amurke da ake kira Beeple kan sama da dala miliyan 69, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Amma abin da mai sayen ya biya shi ne wata shaidar mallaka ta intanet da ake kira NFT, hoton kansa kowa na iya saukewa a waya ya kalla kyauta. Ka ga kenan sai da suka ƙirƙiro hanyar da za su ce "wannan guda ɗaya ne" kafin kuɗin ya hau, abin da alaben kawu yake da shi tun ranar da aka yanke fatar. Kasuwar NFT ɗin ma daga 2022 ta faɗi warwas, da yawa sun tashi da hoton biri a waya ba mai taya.

In za ka ba irina aiki, ga abin da za ka riƙe. Ka ce a ba ka fayil ɗin asali da PDF bayan bugu, ku yi wannan maganar kafin a fara, don in ba haka ba duk ranar da kake son ƙari sai ka dawo wajena, ni kuma ba zan ƙi ba. Ka ce a turo maka shi a matsayin dokima, wato fayil, a WhatsApp, in aka turo shi kamar hoto WhatsApp na matse shi, a waya ya yi kyau, a bugu fuskar amarya ta fito dishi-dishi kamar an hango ta cikin hazo. Don bugu mai kyau ana son ɗigo 300 a kowane inci, takardar A4 kenan wajen 2480 da 3508, in hoton da ka kawo bai kai rabin haka ba kada ka zagi mai inji. Ka kuma sani launin da ke fuskar waya haske ne, na takarda tawada ce, shuɗin nan mai walƙiya da kore mai kashe ido ba za su fito haka ba, ka nemi a buga gwaji ƙarami ka gani kafin a buga ɗari biyar. Ajiye fayil ɗin wuri biyu, kile na USB da imel, waya ɗaya ba ma'ajiya ba ce, kabu-kabu ɗaya ya isa ya raba ka da ita.

Sai sabuwar fitina, tun wajen 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney suka bazu, yaro zai rubuta layi biyu ya samu hoto cikin minti ɗaya ya ce maka ya kwana yana zanawa. Ban ce haramun ba ne, ni ma ina taɓawa in aiki ya yi yawa, amma a faɗa maka gaskiya kuma kuɗin ya sauka. Ka tambaya kai tsaye. Ka ce ya nuna maka aikin a buɗe cikin Photoshop ko CorelDRAW ko Canva, ya matsar da abu ɗaya ka gani, wanda ya tsara da kansa zai yi nan take. Ka duba yatsu, ka duba adon bango in an ce gidan Birni ne aka zana, sau da yawa za ka ga wani gini ne na ƙasar Larabawa da ba ruwansa da tubali da azara. Abin da ya fi muhimmanci, duk rubutun Larabci ko ajami da ya fito daga irin wannan manhaja kada ka buga sai malami ya karanta, tana jera abu mai kama da haruffa wanda ba ya karantuwa, kuma ba abin kunya irin ka rataya aya a falo alaramma ya shigo ya tsaya yana kallo ya yi shiru.

To wanne za ka zaɓa? Ni dai ga yadda nake yi. Abin da za a raba wa jama'a a jefar bayan mako, katin ɗaurin aure, sanarwar walima, talla, kwamfuta ce maganinsa, ba mai hankalin da zai sa malam ya rubuta kati ɗari uku. Bash na ƙofar shago ma haka, sai dai ka sa a ranka ranar Afrilu ta Damagaram ba ta da mutunci, jan ne ke fara tafiya, kafin ka ankara hoton naman da ke jikin bash ɗin mai tsire ya koma shuɗi. Abin da kuwa za a ajiye a nuna wa jikoki, allon sauka, gafakar Alƙur'ani, kayan doki na hawan sallah, hular ango, kyautar da za ka kai wa surukinka, nan ka daure ka nemi hannu. Gidajen Birni da Zango masu zane a fuska, waɗanda saboda irinsu ne aka sa tsohon garin cikin jerin jiran wuraren tarihi na UNESCO tun 2006, magina da yatsu suka fitar da adon nan tun yaɓen yana ɗanye, na ɗauki hotonsu ya fi sau ɗari na sa a kalanda, kuma kullum in na wuce ta gabansu da yamma inuwa ta kwanta cikin zanen sai in ga kalandata ba ta kama komai ba.

Ana kuma iya haɗa su. In ka sayi zayyana ta hannu kana son ƴan'uwa na Yamai da Kano su samu, nemi izinin mai ita, ƙara mishi wani abu, a yi sikan a buga, kowa ya san kwafi ya karɓa. Ni yanzu ni ke ɗaukar hoton kayan kawu da safe a inuwar zaure, kan farin zane, ba filashi, in sa a status, shi kuma ya ce in dai ba zan taɓa launin fatar da kwamfutata ba ya yarda.

In ka kai kayan gida, fata ba ta son rana kai tsaye kuma ba ta son a ƙulle ta cikin leda, da damina sai ta yi fumfuna. Lokacin hunturu in ta fara bushewa ka shafa mata man kaɗanya ɗan kaɗan a tsumma, gwada a lungu tukuna don yana sa launi ya ɗan yi duhu. Ɗaga ta daga ƙasa saboda gara. Allon zayyana kuwa in da tawadar gargajiya aka rubuta, tuna cewa tawadar nan an yi ta ne don ta wanku, ita ce ake wankewa a sha, ɗigon ruwa ɗaya daga rufin da ke yoyo ya isa ya tafi da layi guda. Busasshen tsumma kawai, kuma a rataye shi bangon da ba ya jiƙa, nesa da randa da hannun yara. Allo na biyu da na samo wa ƙanena, wanda kawu ya raka ni da kansa muka ba wani malami aikinsa muka jira kwana tara, yana ɗakin inna sama da gado cikin rigar fata ja. Na farkon kuma yana shagona, na jingina shi bayan injin bugu, in mai saye ya ce bai gane maganar ɗigo-ɗigon nan ba sai in ɗauko in ce ya ja zum.